Rabin Bulo a Ƙarƙashin Famfo

Jiya na ji ɗaya daga cikinku yana cewa aikin famfo ba wani aiki ba ne, a yanka fayif, a shafa gam, a haɗa, a wanke hannu a tafi gida. Ban tanka masa ba, don bakina cike yake da rogo a lokacin. Yau na ƙoshi, saboda haka ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Na fi shekara talatin ina wannan sana'a a Kafanchan. Na ja ruwa zuwa gidaje da makarantu da majami'u, na shiga rijiyoyin da ko tocila ba ta ganin ƙarshensu, amma aikin da ya fi wahalar da ni bai fi tsawon bencin da kuke zaune a kai ba. Wurin alwala ne. Kuma bari in faɗa muku tun yanzu abin da na yi ta nema duk shekarun nan, don kada ku yi ta zato. So nake a garin nan a samu wurin alwala ko da guda ɗaya ne da za a nuna a ce wannan aikin Yohanna ne, kuma ya fi na Isiyaku.

Kun san Isiyaku, mai shago a bayan tasha, wanda kuke rusuna masa kuna cewa Baba. Tare muka koyi aiki. Ni na zo daga Kagoma a bayan motar doya da wando biyu, shi kuma ɗan cikin gari ne. Ubangidanmu, Oga Tanko, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutum mai ƙarancin magana da yawan ranƙwashi. A lokacin babu wannan fayif na roba da kuke iya yankawa da wuƙar burodi. Ƙarfe ne. Sai ka ɗaure shi a bais ya riƙe maka shi kam, ka yanka da zarto har kafaɗarka ta mutu, ka ɗauko dais ka fitar masa da zare a baki irin na noti, ka naɗa rama da fenti, sannan ka ɗaure da babban sufana. In zaren ya karkace ko kaɗan, ruwa zai tona maka asiri a gaban mai gida. A wannan fannin, ba yabon kai ba, na fi Isiyaku nesa ba kusa ba. Shi in ya haɗa uku, biyu sai sun yi yoyo. Ni kuwa ina iya kafa kunne a bango in gaya maka inda ruwa ke ɓuya. Oga da bakinsa ya taɓa cewa hannuna ya fi nasa a kan dais, na kuwa riƙe maganar nan kamar takardar shaidar makaranta.

Amma Oga Tanko yana da wani aiki da aka san shi da shi har Kauru da Madakiya, shi ne ginin wurin alwala. Za ku ce me ke ciki, ba benci ba ne da famfuna a jere da kwata a ƙasa? To ku ji. Mutum zai zauna ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya shaƙa ruwa a hanci, ya wanke fuska, ya wanke hannaye har gwiwar hannu, ya shafi kai da kunne, a ƙarshe ya wanke ƙafafu. Duk wannan da tufafin da zai yi salla da su a jikinsa, wani ma da babbar riga, kuma ba ya son ɗigon ruwan ƙasa ya fantsamo masa. In benci ya yi tsayi, zai sunkuya har bayansa ya ƙage. In ya yi ƙasa, tsoho ba zai iya tashi ba. In famfo ya yi nisa sai an yi miƙa, in ya matso gwiwa ta jiƙe. In kwatar ba ta da gangara, ruwan mutum goma zai taru ya tsaya yana kallonka. Oga yana da wata sanda ta maɗaci, ta yi baƙi don yawan riƙo, da tsaga uku a jikinta: ɗaya tsayin benci, ɗaya tsayin famfo, ɗaya nisan da ke tsakaninsu. Ba ya taɓa tef na awo in yana wannan aiki. Sannan a ƙarƙashin kowane famfo, ɗan gefe kaɗan, yakan dasa rabin bulo, ya shafe shi da siminti mai kaushi, ya bar shi a tsaye kamar haƙorin da ya fito ba a layi ba.

Yadda yake koyar da aikin ne ya raba ni da shi. Kafin a kwaɓa siminti sai ya jera bulo haka nan, ya ce ɗayanmu ya cire takalmi ya zauna ya yi kamar yana alwala, tun daga hannu har ƙafa, shi kuma yana tsaye yana duba inda gwiwa ta kai da inda baya ya lanƙwashe. Isiyaku ai wannan abincinsa ne, sau biyar yake yi kullum, ido rufe ma zai yi. Ran da aka zo kaina na ce a'a. Babana dattijon ikilisiya ne a Kagoma, kuma ran da zai sa ni a mota abu ɗaya ya ja mini kunne a kai, kada ya kuskura ya ji an ce ɗansa ya shiga birni ya koma ɗaukar buta. Mutanen ƙauyenmu kuwa kullum suna shigowa kasuwa. Mutum ɗaya ya hango ni zaune ba takalmi ina shafa kai, kafin in miƙe labari ya isa gida. Oga bai yi fushi ba. Ya ce shi ba salla ya ce in yi ba, awo ne. Na ce ai ina da tef. Na ciro ɗan littafina na tambaye shi amfanin rabin bulon don in rubuta.

“Cire takalminka ka zauna, za ka sani,” in ji shi.

Ban cire ba. Isiyaku ne ya gaya mini daga baya, yana dariya, wai bulon na ɗora ƙafa ne. Na ce a raina, mutum mai hannu biyu ai zai iya ɗaga ƙafarsa da kansa, na rufe littafi. Kuma kun san mu Kirista da ke aiki tare da Musulmi muna da wata al'ada, har yau muna yi. Da an kira salla sai mu koma gindin bishiya mu ba su wuri, mu ci abin da za mu ci, don ba kyau ka tsaya kana ƙare wa mai ibada kallo. Ladabi ne, ban kuma ce ku daina ba. Amma shi ya sa na yi shekara bakwai ina ɗaukar wa Oga siminti zuwa wuraren alwala, ban taɓa ganin alwala ɗaya daga farko har ƙarshe ba.

Da idon Oga ya fara mutuwa, sai ya kira mu biyu shago wata Asabar da hantsi ya raba mana kayan aiki. Ni ya ba ni bais da dais da babban sufana, kayan da ba kowane mai famfo ke da su ba a lokacin. Isiyaku ya miƙa masa sanda. Sanda kawai, itacen da in ka sa a murhu ko shayi ba zai dafa ba. Kowa ya ce ni na ci riba, matata har guɗa ta yi da ta ga kayan. Ni kuwa tun daga shago har kwanar gidanmu ina tura kaya a baro, idona yana kan sandar nan da Isiyaku ya ɗaure a bayan kekensa. Kishi ne, ba zan sa masa wani suna ba. Na gane abin da Oga ya faɗa ba tare da ya buɗe baki ba, kuma duk gari ya gane.

Na tuna wani aiki da na yi a wata babbar majami'a a hanyar Madakiya. Wata biyu ina jan ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa gidan fasto da makarantar yara, fayif ya bi ƙarƙashin hanya ya haura tudu, har yau ko ɗigo bai zubar ba. Wa ya san ni na yi? Aikina a cikin ƙasa yake da cikin bango, ba mai tuna ni sai ranar da wani abu ya fashe. Shi kuwa Isiyaku a kan aikinsa mutane ke zama sau biyar a rana, kowa ya tashi da wando busasshe sai ya tambayi wanda ya gina. Direbobi suka ɗauki sunansa suka yi ta yawo da shi. Ina zaune wurin mai shayi sai in ji ana cewa wurin alwalar Isiyaku ba ya jiƙa wando, nan take shayin ya fita a raina. Ni ma ina da amsata. Duk wanda ya tsaya saurarena sai in ce masa Isiyaku bai iya gama aiki ba, ka dubi guntun bulon da yake bari a tsakiyar wuri yana tara datti. Na faɗi haka a gidan biki, na faɗa a gidan makoki. Shi kuwa mutumin, don ya ƙara ƙona mini rai, duk aikin da ya samu mai wuyar haɗin ƙarfe sai ya turo mini, ya ce wa masu aikin su je wurin Yohanna, ya fi shi. Ko gaba ya ƙi yi da ni balle in samu dalilin tsanarsa. Daga baya fayif na roba ya shigo, kowane ɗan acaɓa ya zama mai famfo, dais ɗina ya koma ƙarƙashin gado yana tsatsa. Sandar Isiyaku kuwa ba abin da ya same ta.

Sai shekarar da cuta ta shiga citta. Wannan kun gani da idonku. Gonaki suka yi rawaya tun damina ba ta yi nisa ba, a tona a tarar ta ruɓe tana wari. A yankin nan kuwa in citta ta faɗi, da birkila da mai walda da tela duk tare muke faɗuwa, don da ita ake gini, da ita ake aure. Wata huɗu ban kama sufana ba sai in famfon gidana ya lalace. Na koma noman masara a bayan gida, matata tana yi mini tsiya wai kunyar da nake jerawa ta fi kama da kwata.

Ana cikin haka Alhaji Sule ya aiko a kira ni. Babban mai sayen citta ne, yana da sito a hanyar fita gari, da citta ta ƙi sai ya koma sayen masara da waken suya don kada leburorinsa su watse. Da butoci suke alwala a bakin ƙofa, wurin ya zama taɓo, motoci suna maƙalewa, ruwa yana gangarawa inda ake shanya kaya. Yana son a gina masa wurin alwala na mutum shida. Bai ɓoye mini ba, ya ce Isiyaku ya fara nema, amma yana Kauru yana aikin wani masallaci, ruwa kuma ya cinye hanya, sai ya yi wata kafin ya dawo. Ya tambaye ni ko zan iya. Kai, ni da na yi shekara ashirin ina jiran wannan tambaya. Na ce shekara bakwai na yi a ƙarƙashin Oga Tanko. Ya nuna mini hoton wani wurin alwala a wayarsa, wanda ya ɗauka a filin jirgin sama, ko'ina tayil yana walƙiya. Na ce zan yi masa wanda ya fi wannan.

Washegari da hantsi, lokacin da ba kowa a masallacin tasha, na je da tef a aljihu, ina ta leƙe-leƙe kamar mai neman inda fayif ya fashe. Aikin Isiyaku ne wurin. Na auna benci, na auna famfo, na auna nisan da ke tsakani, na rubuta a guntun takardar buhun siminti. Mutum da furfurarsa yana satar awo da rana tsaka. Rabin bulon ma na auna shi, na rubuta, sai na tsaya na dube shi, na ja masa layi na soke. A nan ne zan nuna wa gari bambancin wanda ya iya gama aiki da wanda bai iya ba.

Kwana tara na yi a aikin nan, kuma ku sani ban yi ha'inci ba. Gangarar kwata da tiyo mai ruwa na auna ta, ka zuba kofi ɗaya a wannan ƙarshen sai ya fita ta wancan bai tsaya gaisawa da kowa ba. Tankin Alhaji yana can sama, ruwansa da ƙarfi yake saukowa, sai na sa masa makunni a hanya na rage ƙarfin, don ya zubo a hankali ba fantsama. Famfuna na tagulla na sa. Sannan na shimfiɗa tayil fari mai ratsin shuɗi, mai santsi, irin na falon masu kuɗi, tun daga bango har ƙasa, layi ɗaya ba abin da ya tsaya masa a hanya. Alhaji ya zo ya ɗauki hoto. Masu sito na maƙwabta suka zo kallo. Kwana huɗu ina ƙirƙiro dalilin komawa wurin, yau in ce zan duba makunni, gobe in ce na manta guduma, alhali sunana kawai nake zuwa ji. Na kuwa ji shi. Aikin Yohanna ne, in ji wani, ashe ya iya. Daɗin da na ji Allah kaɗai ya sani. Amma da an kira salla sai in koma gindin mangwaro yadda na saba, don haka ban ga yadda suke fama ba. Leburorin samari ne, ƙafa sai su cilla ta bakin famfo su wanke su wuce.

Akwai wani dattijo a siton, Malam Buba, mai ɗinkin bakin buhu. Ya kusa saba'in, amma in ya kama basilla samari uku ba sa cika masa buhu ya jira su. Da hannun nan yake ci da iyalinsa. Rana ta biyar da azahar ina gindin mangwaro ina ɓare gyaɗa, sai na ji wani tim, na ji salati ya tashi. Da na iso yana kwance a cikin kwata, hularsa a gefe. Ashe a zaune ya kasa ɗaga ƙafarsa zuwa famfo, ba kuma inda zai ɗora ta, sai ya miƙe ya dafa bango, ya ɗaga ta dama, ya bar ta hagu ita kaɗai a kan jiƙaƙƙen tayil. Ta zame. Ya faɗi a kan hannun dama, wuyan hannun ya karye. Aka ɗauke shi a mota zuwa wurin mai ɗori.

Alhaji bai ɗaga mini murya ba. Ya ce a rufe famfunan, kowa ya koma butarsa, har Isiyaku ya dawo ya duba. Zan faɗa muku abin kunya, tunda na ce gaskiya zan faɗa. Abin da ya fara soke ni ba hannun tsohon ba ne, sunan Isiyaku ne da na ji a bakin Alhaji. Sai da na je gaishe da Malam Buba na ga hannun a ɗaure da kara, basillarsa a soke a jikin katanga, sannan kunya ta kama ni yadda ya kamata. Ya ce ƙaddara ce, kada in sa a raina. Da zan tafi ya ƙara da cewa wurin ya yi kyau ƙwarai, sai dai ba inda tsoho zai ajiye ƙafa. Na koma na roƙi Alhaji ya ba ni mako ɗaya in gyara da hannuna. Ya ce in bari a sauko daga Juma'a tukuna.

Ran Juma'ar duk suka tafi masallaci, sito ya zama ba kowa. Na buɗe makunni. Na duba hagu na duba dama, ni da babana ya shekara goma a kabari. Na cire takalmi na zauna a bencin da na gina. Na wanke hannu, daidai. Na wanke fuska, ruwa bai taɓa gwiwata ba, benci bai ƙage mini baya ba, awon Isiyaku ne ai. Sai ƙafa. Na ɗago ta hagu, ga tumbi ya tokare, ga gwiwa tana ƙara. Hannu ɗaya yana riƙe da ƙafa, ɗaya yana neman dunduniya bai kai ba, tsakanin yatsu kuwa sai dai in hango su. Ƙafar wando ta jiƙe sharkaf. Da na gaji na sake ta, sai ƙafar da kanta ta karkata ɗan gefe kaɗan tana lalube, tana neman abin da za ta hau. Daidai inda rabin bulon da na soke a takarda ya kamata ya tsaya. Na sake gwadawa, ta sake zuwa wurin. Na miƙe in yi yadda Malam Buba ya yi, sai na ji tayil yana gudu a ƙarƙashin dunduniyata, na yi maza na koma na zauna.

A haka Isiyaku ya same ni. Ashe Alhaji ya kira shi a waya, ya biyo hanyar daji a babur, ya samu Juma'a a gari, ya riga kowa isowa. Taɓo har gwiwa, sandar tana ɗaure a bayan babur. Ya tsaya yana kallona, ba takalmi, wando a naɗe, ƙafar hagu a hannu.

“Da dama ake farawa, Yohanna,” ya ce.

Bai yi dariya ba. Da ya yi, da na samu abin riƙewa. Ya kwance sandar ya ɗora a jikin benci, tsaga ta faɗa daidai. Ya ɗora a famfo, daidai. Ya gwada nisa, daidai. Ya tambaye ni ko na masallacin tasha na auna, na ce e. Sai ya juya sandar ya nuna mini gaba da baya, ya ce in duba da kyau, babu tsagar rabin bulo a jikinta. Oga bai taɓa yin ta ba. Duk inda za a gina, sai a nemo wanda ya fi kowa tsufa cikin masu alwala a wurin, a zaunar da shi, inda ƙafarsa ta sauka nan ne wurin bulo. Ya miƙo mini sandar ya ce in riƙe har in gama. Shekara ashirin ina mafarkin itacen nan, ga shi a gaban hancina, na ce ya bar abarsa. Da Alhaji ya dawo, Isiyaku ya ce masa a bar Yohanna ya ƙarasa aikinsa, gangarar kwatar nan da dabarar rage ƙarfin ruwa shi bai taɓa yin kamarsu ba. Ko wannan alherin da ƙyar na haɗiye shi.

Da hannuna na farfasa tayil ɗin ƙasa, na zuba siminti na caccake shi da tsintsiya ya yi kaushi. Na je na ɗauko Malam Buba a babur, hannunsa rataye a wuya, na zaunar da shi, na yi ta matsar da rabin bulo gaba da baya har ya ce nan ne. Ni ma na zauna na gwada, famfo shida ɗaya bayan ɗaya, ba takalmi, da dama nake farawa, leburori suna kallo, har da wasu matan Kagoma masu kawo doya. Kafin Lahadi labari ya isa majami'armu, bayan sujada wani dattijon ikilisiya ya ja ni gefe ya ce me yake ji. Na ce masa awo ne, Baba. Maganar Oga ce ta fito daga bakina, bayan shekara kusan talatin. Sannan na ƙara abin da ko Oga bai yi ba. Na jawo dais daga ƙarƙashin gado, na goge tsatsar, na haɗa ƙarfe na kafa mariƙi a gefen kowane mazauni, don tsoho ya kama ya tashi. Ku je ku gani, yana nan. Ba a garin nan kaɗai ba, ban ga wurin alwalar da ya kai shi ba, kuma na zagaya.

Hannun Malam Buba ya warke, amma a karkace. Bai ƙara riƙe basilla ba. Alhaji ya mai da shi wurin sikeli yana duba awo, ba a kore shi ba, amma ku tambayi duk mai sana'a yadda yake ji in ya ga wani yana yin aikinsa a hankali a gabansa. Duk ran da na je gaishe shi sai ya sa mini albarka, abin da ya fi zagi nauyi a wurina.

Wata uku da suka wuce na je siton gyaran tanki. Da la'asar wani direban tirela, baƙo, dattijo mai jiki, ya sauko ya zauna alwala. Wannan karon ban koma gindin mangwaro ba, na tsaya daga nesa kaɗan. Ya wanke hannu, ya wanke fuska, ya ɗora ƙafar dama a kan rabin bulo bai ko duba ƙasa ba, ya cuɗa dunduniya a natse, ya sauya ta hagu, ya kama mariƙi ya miƙe. Ya dubi wandonsa, busasshe. Ya dubi wurin sama da ƙasa, sai ya juyo ya gan ni da sufana a hannu.

“Da gani ba tambaya, wannan aikin Isiyaku ne,” ya ce. “Ban taɓa ganin ya yi mai kyan wannan ba. Allah ya saka masa da alheri.”

Malam Buba yana zaune a bakin sikeli, ya ɗago kai ya dube ni, yana jira in yi magana. Kalma biyu kawai zan faɗa, “aikina ne”, shekara ashirin ina ajiye da su a baki. Sai na tuna takardar buhun simintin nan, na dubi hannun tsohon a kan cinyarsa. Na ce wa direban amin.

Har yau amin ɗin nan tana maƙale a wuyana, kuma in na wuce shagon Isiyaku na hango sandar a jingine, raina yana ɓaci kamar ran da aka ba shi. To, ga bulo can na jera. Kai mai cewa a shafa gam a tafi gida, kai za ka fara. Cire takalminka.